Ilmin da ke Cikin Huhun Goro: Waiwaye Kan Tarihin Kimiyya da Karatun 'Ya'yan Sabo



Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutanenmu, wai kimiyya ta Turawa ce da waɗanda suka riga mu shiga boko, mu kuwa namu saye da sayarwa. Yaro ya kawo sakamakon jarrabawa, an ga ya faɗi a darasin kimiyya, sai ka ji uban ya ce, "To, ai dama ba gadonmu ba ne." Shi ke nan an rufe zance, gobe a tura shi shago. Wannan magana ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin tarihin unguwar nan da muke ciki, shi da kansa ya ƙaryata ta. Ni ɗan kasuwa ne, karatuna na Islamiyya ne, to amma abin da zan kawo a rubuce yake, kuma rabinsa dattawanmu sun gan shi da idonsu.

A shekarar 1916 aka keɓe wa Hausawa wannan wuri aka kira shi Sabo. Kafin nan iyayenmu a cikin gari suke zaune, a gidajen Yarabawa. Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911, to daga nan ne harka ta buɗe. Abu biyu suka riƙe unguwar: shanu su gangaro daga Arewa, goro ya hau daga Kurmi. Wani Bature masanin zaman jama'a, Abner Cohen, ya zauna a Sabo daga 1962 zuwa 1963, ya fitar da littafi a kanmu a 1969. A ƙidayarsa mutanen unguwar dubu huɗu ne da 'yan kai, amma shanun da ake sayarwa a kasuwar Badun a shekara sun kusa 75,000. Ya yi ta mamakin yadda ake ba mahauta Yarabawa shanu bashi, ba takarda ba sa hannu, sai dai maganar maigida da ya tsaya a tsakani. Abin da ya fi jan hankalinsa ke nan, wato amana da siyasa. Ni kuwa abin da nake so mu duba shi ne sanin da ke ƙarƙashin cinikin, wanda in babu shi amanar ma ba ta da abin riƙewa.

Mu ɗauki shanu. Farar saniyar Arewa ba ta jure Kurmi. Duk ɗan koren da ya taɓa biyo hanyar Jaba, Ilori, Ogbomosho, Oyo har Badun ya san dalili: tsando. Ƙudan nan ya ciji saniya a bakin rafi ko cikin duhuwa, sai sammore ya kama ta, ta yi ta ramewa, gashi ya tashi, ido ya yi ruwa, in an yi sake ta faɗi. Saboda haka 'yan kore suka san inda ake yada zango da inda ake wucewa da sauri, suka san lokacin shekara da ƙudan ya fi yawa, suka san amfanin hayaƙi. Dillali kuma ya dubi saniya sau ɗaya ya gaya maka kwana nawa za ta iya yi kafin ta zube, a kan haka ake yanke kuɗinta. Gaggawar da ake yi a kasuwar shanu, da bashin nan da Cohen ya yi mamaki, duk tsando ne ya haife su, don saniyar da ta sha hanya ba ta jiran mai kuɗi a hannu. Sai a 1895 wani likitan sojan Ingila, David Bruce, ya leƙa jinin dabba da madubin likita a ƙasar Zulu, ya ga ƙwayar cutar, ya tabbatar ƙudan ne ke ɗaukar ta daga wannan dabba zuwa waccan. Makiyaya sun riga shi sanin ɓarawon, shi kuma ya ga wuƙar da ɓarawon ke riƙe da ita. Kowanne ya kawo nasa. Haka kuma Fulani sun daɗe suna yi wa shanu rigakafin ciwon huhu: a yanko ɗan huhun wadda ciwon ya kashe, a tsaga fatar karan hancin mai lafiya a cusa, ta yi ɗan ciwo ta warke, ta tsira. Turawa sun zo sun tarar ana yi. Yanzu ka gaya mini, yaron da kakansa ya yi wannan, don me darasin rigakafi zai zame masa baƙo?

Goro kuwa, a nan ne zancen ya fi daɗi, don shi ne sana'ar da na tashi a ciki. Da can fatake daga Kano da Sakkwato har Gwanja suke zuwa nemo shi, tafiyar watanni da jakuna, Salaga ce babbar kasuwarsa. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 ne noman irin goron da muke ci ya bazu a ƙasar Yarabawa, ta wajen Agege da Ota zuwa Shagamu, har Yarabawa suka riƙe masa sunan asalinsa suna ce masa gbanja. To, goro abu ne mai rai. Iri ne, yana numfashi, yana fitar da zafi da gumi. Wanda bai san haka ba ya sayi buhu goma ya wayi gari da buhu uku. In an fasa kwanson, a jiƙa shi ko a tara shi har farar ɓawon nan ta ruɓe, a wanke, a zuba a kwando ba ganye ya yi kwanaki yana gumi. Sannan a shimfiɗa ganyen fita a kwando a jera shi a rufe. Ganyen ya yi yawa ya shaƙe, ya yi fumfuna. Ganyen ya yi kaɗan ya bushe, ya yi yaushi, ba mai saye. In zai hau Arewa da hunturu, ɗaurin huhunsa dabam ne da na damina, domin iskar Kano tana shan ruwan jikinsa. Kuma a kai a kai a buɗe a zauna a tsince mai sankara, don ƙwaron nan tun daga gona yake sa ƙwai, in ka bar ɗaya ya gama da kwandon. Da wannan kula ce goron bana yake zama daushe, kuɗinsa ya ninka.

Duk abin nan da na lissafa yana cikin littafin kimiyya na sakandare, sai dai da wasu sunaye. Numfashin tsiro yana ciki, tashin ruwa ya bi iska yana ciki, rayuwar ƙwaro daga ƙwai zuwa tsutsa zuwa babba tana ciki. Ka fasa goro ka ajiye farsa, ɗan jimawa ta yi ja-ja ta yi duhu. Me ya taɓa ta? Iska ce, wato ɓangaren nan nata da masana ke kira oksijin. Shi ɗin ne dai yake aiki a marinar Ƙofar Mata a Kano: marini ya tsoma zane a ruwan baba da toka wanda ya kwana ya tsima, ya fito da shi kore-kore, a gaban idonka iska ta buge shi ya koma shuɗi. Malami guda mai basira, da goro ɗaya na naira kaɗan, ya isa ya koyar da abin da yara ke haddacewa sati biyu ba su gane ba. Abin takaici, cibiyar gwamnati mai binciken koko, wadda goro ma yana cikin aikinta, tana nan Idi-Ayunre a hanyar Ijebu-Ode tun shekarun 1960, ba ta kai tafiyar awa guda daga Sabo ba in hanya ta yi kyau. Su suna can da madubinsu, mu muna nan da kwandonmu.

Wani zai ce, to wannan ai sanin sana'a ne, ina ilmin takarda? Shi ma akwai. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi ya bar Katsina ya yi aikin haji, ya zauna a Alƙahira, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai. Ya rasu a can a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Mu mun san hatimi a allo da laya, amma a jami'o'in duniya a darasin tarihin lissafi ake ambaton malamin nan. Jera 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ta ko'ina ka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 za ka samu. Ba yaro wannan ka ce ya gano dalili, ka ga yadda zai manta da wasa.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da yaƙi, ya rubuta littattafai kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Lokacin da Clapperton ya je Sakkwato a 1824 ya nuna masa taswirar sama, sai ya tarar Sarkin ya san buruji goma sha biyu da taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Da ya komo a 1826 ya kawo masa kyautar littafin Uƙlidis na lissafin zane cikin Larabci, Bello ya gaya masa dama gidansu suna da shi, wani ɗan'uwa ya kawo daga Makka, gobara ce ta cinye. Baturen ne da kansa ya rubuta wannan a littafin tafiyarsa, ba mu muka ƙaga ba.

Mu da muka yi Islamiyya ma, me muka yi a babin gado in ba lissafin kashi ba? Rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi. Yaron da ya iya raba gadon mamacin da ya bar mata biyu da uwa da 'ya'ya bakwai, wallahi ya wuce a tsorata shi da lissafin aji shida. Ga zakka, ɗaya cikin arba'in a kuɗi, ɗan maraƙi a shanu talatin. Ga manzilolin wata 28 da manoman Arewa ke lissafin damina da su, kowane kwana 13, ɗaya ya ɗauki 14, jimla 365. Ga awon inuwa don gane zawali da la'asar, wanda ladanai suka yi ta yi kafin agogo ya cika gari.

To, ina aka rabu? Makarantar boko ta farko da gwamnatin Turawa ta kafa a Kano ita ce ta Ɗan Hausa, wato Hans Vischer, a Nasarawa a 1909. Da Hausa ake karatu a cikinta, kuma akwai sashen sana'a inda ake koyar da dukanci da ƙira da sassaƙa. Sai dai sana'ar aka ware gefe guda don 'ya'yan talakawa, karatun takarda gefe guda don 'ya'yan sarakuna da malamai. Ba wanda ya ce a tambayi majemi me ya sa bagaruwa ke hana fata ruɓewa a mai da amsarsa darasi. Da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, Turanci ya hau gaba, burin kuwa a sami malaman makaranta da ma'aikatan En'e. Tun daga nan aka shuka wa mutane a zuci cewa mai ilmi shi ne mai farar riga da biro, mai hannu da shuni kuwa jahili ne.

An yi ƙoƙarin gyara, gaskiya. Rupert East da Abubakar Imam sun fitar da Ikon Allah a Zariya a 1949, littafin da ya yi bayanin halittu da sama da ƙasa da Hausa tsantsa. Dubi sunan da suka ba shi. Sun san mutanen da suke yi wa magana, sun san Bahaushe ba zai karɓi ilmin da ya zo yana harara da imaninsa ba, sai suka shigo masa ta ƙofar da ya saba, wato duban halitta don ganin ikon Mahalicci. Dattawa da yawa da suka yi elementare a Arewa, a nan suka fara jin yadda duniya ke zagaya rana. A ganina har yau ba a yi wa Hausa littafin kimiyya da ya shiga zuciyar mutane kamarsa ba, kuma abin kunya ne a ce yau sai ka sha wuya kafin ka same shi a kanti.

Mu a Sabo ma wannan bai iso mu sosai ba, don muna Jihar Yamma. A Janairun 1955 gwamnatin Awolowo ta fara ba da ilmin firamare kyauta, 'ya'yan Yarabawa suka cika azuzuwa. Mutanen Sabo suka ja baya. Kada mu yi saurin zagin iyayenmu: makarantun da yawansu na mishan ne, karatun da Yarabanci da Turanci ne, kuma a lokacin yaron da ya bi maigidansa kasuwar shanu ya fi akawu samu. Shekarun nan ne kuma ɗariƙar Tijjaniyya ta kafu a unguwar, har aka tsai da Juma'a a Sabo a 1952, hankalin jama'a ya tattara ga masallaci da makarantar allo. Sun tsare addini da harshe, Allah ya saka musu. Amma jami'ar farko a ƙasar nan an kafa ta a garin nan tun 1948, muna jin ƙarar motocin da ke zuwa can, an ɗebi shekaru ƙafar ɗan Sabo ba ta cika taka ta ba sai in ya kai nama ko ya je gadi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, yunƙurin koyar da kimiyya da abin da ke kewaye da yaron Afirka, a Kano aka aza harsashinsa. A 1965 masana daga ƙasashen Afirka da Amurka da Ingila suka taru a can, aka ƙaddamar da shirin kimiyyar firamare na Afirka. Manufarsa a daina haddar sunayen itatuwan Ingila, a fita waje a kama ƙwaro, a auna inuwa, a shuka iri a gwangwani. Ɗaya daga darussansu da suka yi suna a kan kurkuɗu aka gina shi, ƙwaron nan mai haƙa rami a rairayi da duk muka yi wasa da shi muna yara. In yaro ya tambayi malami me kurkuɗu ke ci, sai a ce masa je ka tambayi kurkuɗun, wato je ka zauna ka lura.

Cikin waɗanda suka riƙe wannan aƙida akwai Farfesa Babs Fafunwa. A 1970 ya fara gwaji a Jami'ar Ife: a ɗauki yara a wata firamare a Modakeke a koya musu kome da Yarabanci shekara shida cur, har lissafi da kimiyya, Turanci ya zama darasi guda da ƙwararren malami. Mutane suka ce zai lalata 'ya'yan mutane. Aka zauna aka ƙirƙiro kalmomi, aka shiga wurin tsofaffi ana tambayar sunayen ganyaye da ƙwari da yadda ake rini da ƙira. Da aka gwada su da waɗanda aka koyar da Turanci, yaran Yarabancin ba su gaza ba, a darussa da dama sun fi, har Turancin nasu bai yi baya ba. A Jamhuriyar Nijar ma an buɗe makarantar gwaji da Hausa a Damagaram a 1973. A Zariya kuma Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta yi nata shirin gyaran firamare na jihohin Arewa a farkon shekarun 1970.

Da aka fitar da manufar ilmi ta ƙasa a 1977, aka rubuta cewa a shekarun farko na firamare a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen jama'ar da ke kewaye da shi. To, ga inda gizo ke saƙar. Ɗan Sabo harshen uwarsa Hausa, harshen da ke kewaye da makarantar gwamnati Yarabanci, harshen jarrabawa Turanci, da yamma kuma ga Larabci a Islamiyya. Yaro ɗan shekara bakwai yana ɗauke da harshe huɗu, abin alfahari ne, amma a cikin huɗun nan wanda yake tunani da shi, shi ne kaɗai ba a taɓa yi masa bayanin kimiyya da shi ba. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince a yi shekara shida na firamare da harshen uwa. Ba a buga isassun littattafai ba, ba a horar da isassun malamai ba, sai a Nuwamban 2025 ministan ilmi Tunji Alausa ya ba da sanarwar an soke, an koma Turanci daga ƙasa har sama, wai yara na faɗuwa jarrabawa. Ni dai a nawa ganin an yanke wa abin hukunci tun ba a gwada shi ba. Ko ma mene ne, mu mazauna Kurmi dama ba mu sa a ka ba, don ko an yi, ba da Hausa za a yi a Jihar Oyo ba. Mai jiran gwamnati ta kawo wa ɗansa kimiyya da Hausa a Badun, ya gyara zama.

Bari in kawo mutum guda da ya haɗa biyun ya nuna ana iyawa. Malam Muhammad Bah Abba ya yi koyarwa a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa a Dutse, kuma daga gidan magina tukwane ya fito. Kowa ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Shi ya san dalilin a makaranta: randa tana tsattsafo da ruwa, ruwan in zai bi iska sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi. Sai ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Gautan da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27. 'Yan matan da ake fitarwa talla kullum don kada kaya su ruɓe suka sami sararin zuwa makaranta. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo ta duniya da dala 75,000. Ga wani abin lura kuma: tukunyar nan da ke aiki a Dutse, kawo ta Sabo da damina ka ga ta yi sanyin jiki, don iskar Badun ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta da wurin ɗaukar wani ruwan. Sai hunturu ya sauko take nuna kanta. Haka lissafin taurarin damina da iyayenmu suka zo da shi: watan Agusta da ake marka a Kano, a nan shi ne lokacin da ruwa ke ɗan ɗaukewa. Ilmin gida ma in ya yi ƙaura sai an sake auna shi.

Don haka kada wani ya ɗauka ina cewa duk abin da muka gada daidai ne. Baƙin tozalin dutse da ake sa wa jarirai, da yawansa dalma ce a ciki, ita ce kuma gubar da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, lokacin da ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida. Mu 'yan goro ma muna da namu laifin. Da maganin ƙwari ya shigo, wasu suka bar wahalar tsintar sankara suka koma yayyafa gamalin a kan abin da mutum zai sa a baki, alhali sinadarin da ke cikinsa an hana amfani da shi a noma a yarjejeniyar duniya tun 2009. Wanda ya yi haka ya bar ilmin kakansa, bai kuma kama na boko ba, ya zauna a tsakiya yana cutar da jama'a. Da an koya masa tun yana yaro abin da guba ke yi a hanta, da harshen da yake ji, da ya ji tsoron Allah da hujja.

A nan ne tarbiyyarmu take da abin ba kimiyya. Unguwar nan a kan amana aka gina ta. An hore mu kada mu tauye mudu, kada mu ɓoye aibin kaya, ƙwarya ɗari ce ba casa'in da tara ba. Mai bincike ma da wannan yake rayuwa: ya rubuta abin da ma'auni ya nuna, ko da bai yi masa daɗi ba. Yaron da aka ce masa ƙarya a sakamakon gwaji daidai take da algus a kasuwa, ya gane nan take, ba sai an yi dogon Turanci ba. Akwai kuma inda tarbiyyar take taka mana birki, dole a faɗa. Mun hori yaro da kunya har ya zama in babba ya yi magana ba ya cewa "don me?" Ladabi dabam, rufe baki dabam. Malaman fiƙihu da muka karanta, ai da tambaya da neman dalili suka cika littattafansu. Dattijon da yaro ya tambaye shi me ya sa ake canza ganyen goro, bai kamata ya ce "haka muka tarar" ba, don ya san amsar, hannunsa ya san ta shekara arba'in.

Abin da ke hannunmu shi ne Islamiyyunmu. Mu muka gina su, mu ke biyan malamansu, ba ministan da zai hana mu yin bayani da Hausa a cikinsu. Muna da 'ya'ya yanzu da suka gama jami'a da kwalejin ilmi, wasu likitoci, wasu masu haɗa magani, wasu suna zaune ba aiki. Muna kuma da tsofaffin masu tsintar goro da 'yan kore da suka taka daga Arewa da ƙafa, kullum raguwa suke, duk wanda aka kai makwanci ya tafi da abin da ba a rubuta ba. Awa guda ranar Alhamis, da dama ba a karatu, a zaunar da dattijo ɗaya da ɗan jami'a ɗaya a gaban yara, wannan ya faɗi yadda ake yi, wancan ya faɗi dalili da sunan abin a littafin jarrabawa, yara su rubuta da Hausa da Turanci. Ƙungiya ta sayi littafin rubutu mai kauri a riƙa tarawa. Kayan aikin ba su wuce kwando da ganye da tukwane biyu da yashi da ma'aunin zafi na kemis ba.

Darasin farko ma ba ya bukatar ko sisi. A kafa sanda a miƙe a filin makaranta, kullum da zawali yara su auna inuwarta su rubuta. Za su ga tana raguwa har ta ɓace ƙarƙashin sandar wajen 9 ga Afrilu, ta koma ɗaya gefen, ta sake ɓacewa a farkon Satumba. A sa su rubuta wa 'yan'uwansu a wata Islamiyya a Kano su ma su auna. Can sai wajen 21 ga Afrilu da 21 ga Agusta inuwar za ta ɓace. Sai a bar su da tambayar me ya sa rana ta riga tsayawa a kan Badun kafin Kano da kusan sati biyu, a ga wanda zai fara kawo amsa.